Shin Rashin Wayewa Ne? Abin da Bincike Ya Gano Kan Lafiya da Karatun 'Ya'yanmu

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kademi da sauran garuruwan ƙasar Gaya, da 'yan'uwanmu na Ajingi, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a kasuwa ko a tsakar gida.

Akwai wata magana da ake yawan yaɓa mana, mu mutanen karkara. Idan mace ta haihu a gida, sai a ce rashin wayewa ne. Idan ba a kai yaro rigakafi ba, rashin wayewa ne. Idan yaro ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, sai a ce iyayensa ne ba su san darajar ilimi ba. An maimaita maganar nan a taruka da jawaban manya har wasunmu sun fara gaskata ta. To yau zan kawo muku abin da masana tattalin arziki suka gano da suka auna lamarin, kuma mafi yawan abin da zan faɗa ba a wata uwa duniya aka gwada shi ba. A Kano aka yi, da Jigawa da ke maƙwabtaka da mu, da Zamfara da Katsina.

Wani zai ce, ina ruwan masanin tattalin arziki da awon ciki? Ai shi nasa farashin dala ne da kasafin kuɗi. Ba haka ba ne. Tushen wannan ilimi shi ne yadda mai ɗan kaɗan yake raba ɗan abin da ke hannunsa. Magidancin da ya wayi gari da naira 2,000, ga cefane, ga kuɗin babur na kai uwargida awo, ga littafin yaro, lissafin tattalin arziki yake yi ko da bai taɓa jin sunan fannin ba. Gwamnati ma haka take, kuɗinta ba sa isar komai, dole ta zaɓa. Tambayar ita ce, wane zaɓi ne yake ceton rai da gaske, wanne ne kuma ya tsaya a bikin buɗewa?

Hanyar da masanan suke bi, kowane manomi ya san ta. Idan aka kawo maka sabon taki aka cika shi da yabo, ba ka zuba wa gonarka duka. Sai ka raba ta biyu, iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noma ɗaya, ka sa wa ɓangare guda takin, ka bar ɗayan. Ranar girbi dami ne zai yi magana. Haka suke yi da garuruwa. Sai a tara sunayen ƙauyuka, a jefa ƙuri'a, waɗanda ƙuri'a ta faɗa a kansu a fara kai musu shirin, sauran su jira. Bayan shekara biyu ko huɗu a dawo a auna yaran ɓangarorin biyu. Amfanin ƙuri'ar shi ne ba wanda zai ce an zaɓi garin da dama can ya fi arziki, ko garin wani babba. Saboda wannan salon aiki ne aka ba mutum uku, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer, lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a shekarar 2019.

Mu fara da Jigawa. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri na tallafa wa masu juna biyu a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa, sai Anka da Tsafe a Zamfara. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. Tsarin mai sauƙi ne. Da zarar an tabbatar mace tana da ciki, za a riƙa ba ta naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, har sai yaron ya cika shekara biyu. A hannunta ake sa kuɗin, kuma ba a gindaya mata sharaɗin abin da za ta saya ba. Tare da kuɗin ana isar da saƙo kan shayarwa da abincin yara da tsafta, ta bakin matan gari da aka horar, da malamai a wa'azi, da kuma rediyo irin wannan da kuke saurare.

Masu bincike, cikinsu akwai Pedro Carneiro da Imran Rasul na wata jami'a a Landan, sun bi ƙauyuka 210 da mata kimanin 3,600 tun suna da ciki. Sakamakon ya fito a 2021. A ƙauyukan da shirin ya shiga, tsumburewar yara, wato yaro ya kasa kai tsayin da ya dace da shekarunsa saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo, ta ragu da kashi 8 cikin 100, kuma bambancin yana nan bayan shekara huɗu. Kada in zuzuta, tsumburewa ba ta ƙare a waɗannan ƙauyuka ba. Amma ta ragu, kuma an auna an gani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda matan suka yi da kuɗin. Da aka fara irin waɗannan shirye-shirye, abin da ake ta faɗa shi ne, in ka ba talaka kuɗi kyauta zai naɗe hannu, ko a kashe a biki da anko. Ba haka ta faru ba. Matan sun ƙara abinci mai kyau a tukunya, sannan suka ƙara himma a sana'a, suka sayi dabbobin kiwo. Ga nono da ƙwai ga yara, ga abin sayarwa ranar da ciwo ya zo. Ko bayan an daina biyan kuɗin, gidajen nan sun ci gaba da samun abin shiga fiye da takwarorinsu. Iyayena mata na Kademi, na san wannan ba zai ba ku mamaki ba, domin kun san abin da kuke yi da kuɗin adashi idan kwasarku ta zo. Waɗanda ya kamata labarin ya girgiza su ne masu tsara manufofi a ofis. Masu binciken sun ce wayar da kai ta taimaka, amma kuɗin da uwa ta tabbata zai shigo duk wata shi ma ginshiƙi ne. Ka gaya wa mace ta ba yaro ƙwai da wake da kifi, ta ji, ta yarda, amma da me za ta saya?

Bincike na biyu ya shigo har jiharmu ta Kano. Wani masani mai suna Edward Okeke, tare da Farfesa Isa Abubakar na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, sun yi gwaji a yankunan ƙananan asibitoci 180 a jihohi biyar: Kano da Jigawa da Bauchi da Gombe da Akwa Ibom. An yi wa wasu mata masu ciki alkawarin naira 5,000 idan suka je awo, suka haihu a asibiti, suka koma aka duba su bayan haihuwa. Wasu kuma ba a yi musu alkawarin komai ba. Naira 5,000 ke nan, a lokacin kusan dala 14. Zuwa asibiti ya ƙaru sosai, kuma yaran da suka rayu sun fi yawa a ɓangaren da aka ba kuɗin. Da suka bi diddigi sai suka ga inda aka fi samun ceto shi ne tun jariri yana ciki, wato ɓari da haihuwar ɗa babu rai ne suka ragu, kuma alamu sun nuna awon ciki ne babban dalili.

A nan zan ɗan dakata, domin maigida nake so ya ji. A wurin awo ne ake gane hawan jini kafin ya zama jijjiga. A can ake gane ƙarancin jini a ba da maganin ƙarinsa. A can ake ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda kan yi wa mai ciki illa ko da ba ta kwanta ba, a kuma yi allurar da ke kare jariri daga ciwon sandarewar jiki da kan shiga ta cibiya. Duk waɗannan abubuwa ne masu araha. Abin da ke tsakanin mace da su sau da yawa kuɗin babur ne zuwa da dawowa, da wanda zai riƙe mata gida, da izininka. Idan 5,000 ta wancan lokaci ta iya sauya lissafin gida har rai ya tsira, to matsalar ba ta taurin kai ba ce. Kuma mu sani, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya ninka, ke nan katangar nan ta ƙara tsawo.

Sai dai zuwa asibiti rabin magana ne. Wa za ka tarar in ka je? Shi dai Okeke ya yi wani gwajin tare da gwamnati a waɗannan yankuna. Aka jefa ƙuri'a, wasu asibitocin aka tura musu cikakken likita, wasu aka ƙara musu ma'aikacin lafiya mai matsakaicin horo irin wanda dama suke da shi, wasu kuma aka bar su yadda suke. Ba a ƙara gini ba, ba a ƙara kayan aiki ba. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mace-mace sun ragu a inda aka tura likita, amma ba a ga irin wannan raguwa a inda aka ƙara ma'aikaci kawai ba. Wannan ba raini ba ne ga ma'aikatan lafiyarmu na karkara, waɗanda da yawansu suke kwana a bakin aiki da fitilar waya. Abin da yake nunawa shi ne zurfin horo yana da tasiri, kuma mutumin ƙauye ma ya cancanci ƙwararre. A ganina wannan bincike ya kamata ya kasance a kan teburin duk wanda ke rabon likitoci a jihar nan. Muna murna idan aka yi wa asibiti fenti aka sa sabon allo, amma fenti bai taɓa tsayar da zubar jini ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Ko an cika ko ba a cika ba, tambaya ta gaba ita ce nawa ne daga ciki ya zama ma'aikaci mai ilimi a tsaye a gaban mara lafiya a Kademi ko Ajingi.

Kan rigakafi ma an gwada. Ƙungiyar New Incentives ta riƙa ba iyaye mata ɗan kuɗi duk lokacin da suka kawo jariri allura a Jigawa da Katsina da Zamfara, aka auna tsakanin 2017 da 2020, aka ga yaran da aka yi wa allurar tarin fuka da ta ƙyanda da sauransu sun ƙaru ƙwarai. A Kenya kuwa, Jessica Cohen da Pascaline Dupas sun gano cewa ko ɗan kuɗi ƙalilan aka ɗora wa gidan sauro, masu karɓa raguwa suke yi sosai, kuma wanda aka ba kyauta yana amfani da shi kamar wanda ya saya. Irin wannan hujja na daga cikin abin da ya ƙarfafa rabon gidan sauro kyauta.

Yanzu ga wani ɓangare mai ɗaci, wanda ba zai yiwu a yi maganar gwaji a Kano a tsallake shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Zana da ke birnin Kano. Yara 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta Amurka ta bankaɗo labarin a ƙarshen shekarar 2000, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A tsakanin nan ne, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan har zuwa tsakiyar 2004.

Masana biyu, Belinda Archibong da Francis Annan, sun koma kan alƙaluma don su ga abin da labarin ya haifar. Sun gano cewa bayan fitowarsa, iyaye mata Musulmi sun rage kai yaransu rigakafi. Ku saurari wannan da kyau: raguwar ta fi ƙarfi a wurin matan da suka yi karatu, wato waɗanda labarin ya fi isa gare su. Kuma ba su daina neman sauran magani ba, allurar kawai suka ja baya da ita. Ashe ba jahilci ne ya hana su ba, amana ce aka taɓa. Wanda ya biya farashin kuwa shi ne yaron da ƙyanda ta kama ko shan inna ya kwantar, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba. An sha wahalar shekaru, da sa bakin sarakuna da malamai da dagatai da masu unguwanni, kafin a dawo da yarda, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Alluran rigakafin da ake yi a asibitocinmu yau an daɗe da tabbatar da ingancinsu, ku kai yaranku. Amma duk mai bincike da ya shigo gari ya sani, neman izini da yin bayani da Hausar da kowa zai gane wajibi ne a kansa.

Mu juya ga makaranta. A Kenya an taɓa raba wa makarantun karkara littattafan karatu, ana zaton sakamako zai tashi. Da aka auna, sai aka ga yaran da dama suke kan gaba ne kawai suka amfana. Sauran ba su motsa ba, domin littattafan da Turanci aka rubuta su, kuma sun fi ƙarfin inda yaran suke. Duk malamin firamare a Gaya ya san wannan hali. Yaro yana aji biyar, manhaja ta ce a koya masa darasin aji biyar, shi kuwa ko haɗa baƙi da wasali bai iya ba. Malam yana gaba yana bin manhaja, yaro yana zaune yana kwafar abin da bai gane ba, shekara ta ƙare a ciyar da shi gaba. Daga nan uba ya duba ya ga shekara biyar babu abin nunawa, ya ce gara ya bi ni gona. Sai a ce uban ne bai waye ba, alhali lissafi ya yi da abin da idonsa ya gani.

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta fito da mafita, Banerjee da Duflo da abokan aikinsu suka gwada ta sau da dama ta ci. A ɗan gwada kowane yaro a ga inda ya tsaya: wannan bai san baƙaƙe ba, wannan ya san baƙaƙe bai iya kalma ba, wannan yana karanta jimla. Sai a raba su bisa matakinsu, ba bisa aji ko shekaru ba, a ware wani lokaci kullum a koya wa kowa daga inda yake, da harshen da yake ji. An kawo wannan tsari jihar Kano a 2019 da sunan KaLMA, ga 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma ƙananan hukumomi biyu da aka fara da su su ne Dawakin Tofa da Wudil. Wudil dai ga ta nan kusa da mu. Tsari ne da ba ya neman sabon gini, abin da yake nema malami ne da aka horar kuma ake bibiyar aikinsa. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, aka shiga gyaran azuzuwa, kuma abin a yaba ne. Amma ma'aunin da ni zan riƙe shi ne, yara nawa ne 'yan aji huɗu za su iya karanta ɗan gajeren labari da Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa.

Lafiya da karatu kuma ba sa rabuwa. Kremer da Edward Miguel sun nuna a yankin Busia na Kenya cewa ba yara maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Jamhuriyar Nijar, su Archibong sun bi sawun annobar sanƙarau ta 1986, suka ga a yankunan da ta fi tsanani karatun 'ya'ya mata ne ya fi komawa baya, domin gidan da jinya ta cinye yakan gaggauta aurar da yarinya. Ciwon da ya kama ƙani yana iya fitar da yayarsa daga aji.

Ba ina cewa mu ba mu da namu laifin ba. Akwai maigidan da yake da hali amma ya hana matarsa zuwa awo. Akwai gidan da aka karɓi gidan sauro aka kewaye lambu da shi. Akwai wanda masu rabon maganin zazzaɓin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar za su zo ƙofarsa, su ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage kuwa a bar shi a kan taga. Waɗannan namu ne, mu za mu gyara. Kuma ba duk abin da ya yi aiki a Buji ko Busia ne tilas ya yi daidai haka a Kademi ba, shi ya sa ake son a riƙa aunawa a nan ɗin ma. Amma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta faɗa a 2022 cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Jama'a mai wannan yawa ba za a sallame ta da kalmar rashin wayewa ba.

Saboda haka ga roƙona. Malam maigida, idan ka sayar da gyaɗa ko wake da kaka, ka ware kuɗin awo da na haihuwa tun cikin yana ƙarami, ka damƙa wa uwargida a hannunta. Iyaye, yau da daddare ku miƙa wa ɗan aji huɗu takardar Hausa ya karanta muku, in ya kasa ku je ku ga hedimasta cikin mutunci, ku kai maganar kwamitin makaranta. Dagatai da masu unguwanni da limamai da 'yan kwamitin lafiya na mazaɓa, duk wanda ya zo da sabon shiri ko takardar tambayoyi, ku karɓe shi hannu biyu, sannan ku tambaye shi: an gwada wannan a wani wuri? Me aka samu? Wa ya ba ku izini? In kun gama, za ku dawo ku gaya mana sakamakon? Kowane mutum yana da damar ya ce bai yarda a sa shi cikin bincike ba, kuma hakan ba zai hana a duba shi a asibiti ba. Kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da wakilanmu a majalisa kuwa, muna roƙon ku nemo waɗannan sakamako ku karanta, ku nemo wa ƙananan asibitocinmu ƙwararrun ma'aikata da za su zauna, ku kuma nemi a horar da malamanmu koyar da yaro daga matakin da yake.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuri'a.